ƘWAI BA ƁAWO: BA BAKI BA NE, BA KUMA KAFSO KAZARKU TAKE NEMA BA



'Yan uwa masu gida da iyayen gida, musamman na Shanga, Yauri, Ngaski da sauran garuruwan bakin ruwa: Yau ba maganar gyambon ciki ko ciwon sanyi za mu yi ba. Maganar kaza ce. Kada wani ya taɓe baki. A gidaje da yawa daga Dugu Tsoho zuwa Wara, kaji biyar ko goma da ke tsakar gida su ne asusun uwar gida. Da su ake sayen littafin yaro, da su ake fita kunyar baƙo, ranar da zazzaɓi ya kama jariri cikin dare su ne kuɗin allura. Kuma ƙwan da suke yi, cikin 'ya'yanmu yake shiga. Don haka lafiyar kaza lafiyar gida ce.

Koke-koken da ake kawowa kusan iri ɗaya ne. Kaza ta yi ƙwai mai laushi kamar leda, babu ɓawo. Kaza ta daina ƙwai gaba ɗaya. Ƙwai ya maƙale mata, tana ta yunƙuri har ta mutu. Ko kuma bayan ta yi ƙwai wani jan nama ya zazzago ta bayanta, 'yan uwanta suka bi ta da sara. Abin da mutane ke yi kuma iri biyu ne. Wasu su ce baki ne, maƙwabciya ta ƙirga kajin da ido. Wasu su aika yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya a buɗe a ruwan sha. Ni ra'ayina, kuma zan kawo hujja, mafi yawan waɗannan kajin ba kambun baka ne ya same su ba, ba kuma ƙwayar cuta ba ce. *Yunwa ce.* Maƙoshinta cike yake da dawa, amma jikinta na kukan abin da zai gina ɓawo.

Ku saurari yadda Allah ya tsara abin. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza. A cikin wannan lokaci, wajen awa 20 a wuri ɗaya yake zama, inda ake lulluɓa masa ɓawo, kuma yawancin aikin da dare ake yinsa, lokacin da kaza take kan sanda ba ta cin komai. Ɓawon nan kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne, irin wanda ke cikin ƙashi da katantanwa. Ɓawon babban ƙwai ɗaya yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam. To masarar da kuke watsa mata fa? Abin da ke cikinta bai wuce kashi 0.02 cikin 100 ba. Ku yi lissafi: sai kaza ta cinye wajen kilo 10 na masara kafin ta tara abin ɓawon ƙwai guda. Dawa da gero ma ba su fi ta da wani abin kirki ba.

To daga ina take samowa? Daga ƙashinta. Kaza mai ƙwai tana da ajiya a cikin ƙasusuwanta, tana ɗiba da dare tana mayarwa da rana in ta samu a abinci. In ba ta samu ba, ta ci gaba da ɗiba har ajiyar ta ƙare. Daga nan ɓawo ya fara sirancewa, sai ƙwai mai laushi, sai ƙafa ta fara gaza ɗaukarta, ku gan ta a gurfane kamar mai shan inna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsokar da ke turo ƙwai waje ita ma da kalsiyam take aiki. In ya yi ƙaranci, naƙudar kaza ba ta da ƙarfi, ƙwai ya tsaya a hanya. Kun ga ashe ƙwai mara ɓawo da maƙalewar ƙwai da gurfanar kaza 'ya'yan uwa ɗaya ne.

Na san wani dattijo zai ce, mu da muka taso kakanninmu ba su san wani kalsiyam ba, kuma kajinsu lafiya lau. Gaskiya ne, Baba. Amma kazar kaka ƙwai nawa take yi? Kazar Hausa kan yi 10 zuwa 15, ta kwanta a kai kwana 21, ta yi ta yawo da 'yan tsaki wata biyu, sannan ta sake. A shekara duka bai fi 40 zuwa 60 ba, kuma ƙanana. Tsakanin nan jikinta yana hutawa. Ga shi wuni take a bola da gindin bishiya, tana cin gara, fara, tana, ƙananan katantanwa da ɗanyen ganye. Kazar yau daban take. An sayo Noiler, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, ko jajayen nan na gidan gona da aka gama cin moriyarsu aka fito da su kasuwa. Kazar gidan gona an tsara ta ta yi ƙwai har kusan 300 a shekara. Sai a kawo ta gida, a kulle ta a keji saboda ɓarayi da shaho da gonar maƙwabci, a ba ta dusa da ruwa, a zauna jiran ƙwai kullum. Wannan kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne a ba shi abincin akuya.

Kuma mu mutanen Kabi muna da wata matsala tamu, ta dusar shinkafa. Tana da arha, injinan casa sun cika gari, kowa ita yake bai wa kaji. Ba a ce ba ta da amfani ba. Amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da kaza ta samu, ya hana hanji tsotse shi. In kuma an cakuɗa ta da ƙaiƙayi, kamar yadda ƙananan injina ke fitarwa, rabin abin da kaza ta ci cikon ciki ne kawai. Kazar da aka tsare kan dusar shinkafa zalla tana yin ƙwai, wallahi bashi take ci a jikinta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maganin yana zube a bakin kogi kyauta. Mutanen Kano da Zariya kuɗi suke sawa su sayi garin ɓawon kawa da ake kawowa daga kudu. Mu kuwa tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968 tafki ya zo mana har ƙofar gida, kuma duk lokacin da ruwa ya janye, ga makankari da katantanwa nan birjik a gaɓa, yara na wasa da su. Ku sa a kwaso. A wanke, a tafasa ko a ɗan gasa a kasko don kashe ƙazanta, a daka a turmi. Kada a mai da shi gari luƙwi. A bar shi tsaki-tsaki kamar ƙwayar dawa, domin mai tsakin yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare, daidai lokacin da ake ginin ɓawo. A zuba a ɗan kasko daban a ajiye gefe. Kaza mai ƙwai ta san buƙatarta, za ta ɗiba da kanta, musamman da la'asar. Kada a cuɗa shi cikin abincin 'yan tsaki, yawansa yana lalata musu ƙoda.

Ɓawon ƙwan da kuka soya da safe ma kada ya tafi bola. A busar, a gasa, a murtsuke sosai a mayar musu. A murtsuke fa, don in kaza ta gane kamannin ƙwai ne, ta koyi fasa nata ta sha, kuma wannan hali da wuyar bari. Amma a kiyaye da farar ƙasar da aka ƙona ta shafen bango, wannan tana ƙona baki da maƙogwaro, ba ita ake nufi ba.

Bayan ɓawo akwai abin cikin ƙwan, shi kuma abinci mai gina jiki yake so. Nan ma Allah ya hore mana. Burbushin warangi da ke ƙasan buhu, kan kifi da ƙayarsa, a busar a daka, ɗan barbaɗe a kan dusa ya wadatar. Kada a cika, ƙwai zai yi ƙarni. Sharaɗi biyu: kada ya zama mai gishiri, domin kaza ba ta jure gishiri da yawa, kuma kada ya zama irin busasshen kifin da aka fesa wa maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Wannan ko mutum bai kamata ya ci ba, balle kazar da yaro zai ci ƙwanta. A ƙara da ganyen zogale, shi ma yana da kalsiyam kuma yana sa gwaiduwa ta yi ja. A bar su su sha hantsi, domin da hasken rana jiki ke yin bitamin D, wanda in babu shi kalsiyam ɗin ko an ci ba ya shiga jini. Hatsin da ya yi fumfuna, da ƙuli-ƙulin da ya yi kore, mutane sukan ce a ba kaji kada a yi asara. Gubar da ke cikinsu hanta take ci, kuma tana rage ƙwai. Mai hali ya sayi abincin kajin ƙwai na buhu, ko da mudu-mudu ne, ya riƙa haɗawa.

Yanzu maganar kafso. Ja da rawayan nan tetirasaikilin ne, ja da baƙi kuma yawanci amfisilin. Aikinsu kashe bakteriya. Ba sa gina ɓawo, ba sa turo ƙwai. Wani abin dariya ma, tetirasaikilin da kalsiyam haɗewa suke yi a hanji, kowanne ya hana ɗan uwansa shiga jiki. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Maganin yana bin jini ya shiga ƙwai, kuma yana ci gaba da fitowa a ƙwai kwanaki bayan an daina bayarwa, domin gwaiduwa sannu a hankali take taruwa. Uwar gida ta dafa ta ba yaro. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ƙwayoyin cutar da ke cikin gidan su saba da maganin. Ranar da yaron ya kamu da cutar da ke buƙatarsa da gaske, a sha a ga kamar an sha ruwa. Akwai ma kuloramfenikol, wanda aka hana bai wa dabbobin da ake ci a ƙasashe da dama, saboda yana iya kashe ɓargon da ke ƙera jini a jikin ɗan Adam, amma har yau wasu na ɗiga wa kaji shi. In malamin dabbobi ne ya duba ya ce lallai sai an ba da magani, to ku tambaye shi kwana nawa za a daina cin ƙwan da naman, kuma ku kiyaye. Sayar da wannan ƙwan ga wanda bai sani ba, kowa ya san sunansa a addini.

Za ku ce, to Malam, mu koma habbatus-sauda da man zaitun mana. Hadisin habba ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ba mu da ja a kai. Ɗan garin habba ko tafarnuwa a abincin kaji ba laifi. Amma Ibnul Ƙayyim da kansa, a sashen magunguna na Zadul Ma'ad, ya kawo cewa abin da abinci zai iya gyarawa ba a tsallaka zuwa magani. Mai jin ƙishirwa ruwa ake ba shi, ba zuma ba, duk da falalar zuma. Kazar da ƙashinta ya ƙare ɓawo take so. Kuma mun san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Duk wanda ya sa kaza a keji, abin da da za ta tsinta a waje ya koma wuyansa.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne ɗura wa kaza man zaitun ko man gyaɗa ta baki wai don ƙwai ya sulɓo. Hanyar abinci daban, hanyar ƙwai daban, sai a can bakin mafita suke haɗuwa. Man da aka ɗura ba zai taɓa isa wurin ƙwan ba, in aka yi rashin sa'a ma ya bi ta maƙogwaron iska ya shaƙe ta.

Ga yadda ake gane maƙalewa. Kaza ta shiga akurki ta fito, ta shiga ta fito, ba ƙwai. Ta tsaya a miƙe, wutsiya ƙasa, tana tafiya a tale, bayanta na motsi kamar mai nishi. In kun shafa ƙasan cikinta a hankali za ku ji abu mai tauri. A samu roba a zuba ruwan ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, a zaunar da bayanta ciki minti 15 zuwa 20. A goge ta ta bushe. A shafa man zaitun ko Vaseline a bakin mafitar da ɗan ciki kaɗan, da yatsa mai tsabta, an yanke farce. A ba ta dakakken ɓawo cikin ɗan jiƙaƙƙen abinci, da ruwa. A ajiye ta ita kaɗai a wuri mai duhu da ɗumi, ba hayaniyar yara. Bayan awa ɗaya ko biyu a sake. *Kada a matsa cikin.* In ƙwai ya fashe a ciki, ɓawon yana yanka hanya, ruwan ya ruɓe, shi kenan. In an kwana an wuni bai fito ba kuma babu malamin dabbobi kusa, kada a bar ta tana wahala har ta zama mushe. A yanka ta tun tana da ƙarfinta, a ci nama. Amma in an buɗe ciki aka tarar da ruwa mai wari, ko gudajen gwaiduwa kamar dafaffen ƙwai sun cika cikin, wannan ruɓa ce, a binne.

Jan naman da ke zazzagowa, wanda wasu ke ce wa basir ɗin kaza, ƙarshen hanyar ƙwai ne ya juyo waje. Ya fi samun budurwar kaza da ta fara ƙwai da wuri, da mai yin ƙato ko mai gwaiduwa biyu, da wadda ta yi kitse. Masu ajiye ragowar burolar Sallah wai ta yi musu ƙwai, ku ne kan gaba, wannan kaza don nama aka yi ta. Abu na farko, a raba ta da sauran nan take, domin kaza in ta ga ja sai ta sara, kuma sukan zaro hanjin 'yar uwarsu kafin a ankara. A wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan. A nan ne zuma take da aiki na gaske: a shafa, tana janye kumburi tana kuma hana ruɓa. A tura a hankali ya koma. A ajiye ta a duhu kwana biyu zuwa uku, a rage mata abinci don ƙwai ya dakata wurin ya warke. In ya yi ta dawowa, wuƙa ta fi mata sauƙi.

Ba kowace tsayawar ƙwai ce ciwo ba. Mai kwanci ba ta ƙwai. Mai zubar da gashi tana sabo ba ta ƙwai. Wadda ta haura shekara uku ta rage, tsufa ne. Rashin zakara ba ya hana ƙwai, ƙyanƙyasa kawai yake hanawa, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji goma, in sun yi yawa sai su kwashe wa kajin baya. Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa suna shan jini da dare har kaza ta gudu daga kan ƙwanta. A share akurki, a ƙona tsohuwar shimfiɗa, a tanadar musu toka da yashi su yi birgima. Fiya-fiya a jikin kaza ko a kan ƙwai, a'a.

Sai zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ko mutum ba ya iya zaman ɗaki a Yelwa, za ku ga ɓawo ya yi siriri ko da abinci na da kyau. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma yawan hakin yana fitar da iskar da jikinta ke haɗa ɓawo da ita. Ga cin abinci ya ragu. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kaza ta wuni ba ruwa sai ta yi kwanaki ba ta dawo daidai ba. Kasko a inuwa, ruwan randa mai sanyi, a sauya safe da rana. In ƙadangare ya sha albarkacinta, ba komai. Kejin kwano a tsakiyar rana kuwa tanda ce, a ɗora masa zana. A ba da abinci da sassafe da kuma yamma lis.

Duk abin da na faɗa na kaza ɗaya ne ko biyu. In kuwa kaji da yawa suka daina ƙwai lokaci guda, ga koren zawo, ga minshari, wata ta murɗe wuya tana kallon sama, wannan ba yunwa ba ce. Annobar nan ce ta hunturu da likitoci ke kira Niyukasil, wadda ke share unguwa guda. Waɗanda suka tsira sukan yi makonni suna ƙwai mai laushi ko mai karkataccen ɓawo. Bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, barkono da maɗaci a ruwa ma haka. Rigakafi kawai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin rigakafinta, har da irin wanda ya fi jure zafi, mai suna I-2, da ake ɗiga digo ɗaya a ido. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, don haka matan unguwa su haɗa kuɗi kamar adashi, a nemi malamin dabbobi na sashen gona a sakatariyar ƙaramar hukuma, a yi wa kowa rana ɗaya. A yi tun kaka kafin iska ta kaɗa, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Ba a yi wa wadda ta riga ta kamu. Sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

In kuma kun wayi gari kun tarar da kaji sun zube a mace ba tare da dogon ciwo ba, zanko ya yi baƙi-baƙi, fuska a kumbure, ƙafa da jajayen tabo, ku tuna murar tsuntsaye. Ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006 a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, kuma a 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Mu na bakin tafki mu ne a kan hanya, domin tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna sauka a nan, agwaginmu na cuɗanya da su da rana su dawo su kwana da kaji. A irin wannan hali babu yankawa, babu figa, babu rugawa kasuwa da ragowar. A hana yara taɓawa. A sa leda a hannu, a tona rami mai zurfi nesa da rijiya da bakin ruwa a binne, kada a jefa a kogi. A wanke hannu da sabulu, a kai rahoto ofishin dabbobi ran nan, ba gobe ba. Wanda ya taɓa su in ya ji zazzaɓi da tari cikin kwana goma, ya tafi asibiti ya gaya wa likita cewa kajinsa sun mutu.

A tura wa iyayen gida da ba su cikin wannan zaure, wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba.